Rabin Milin Baba Zulkifilu

In injin niƙa ya tsaya a Garuwa, ko famfon ban-ruwa ya yi gardama a bakin Binuwai, ko motar auduga ta kwanta a hanyar Pitowa, magana ɗaya ake yi: a kai wa Baba Zulkifilu mai tur. Tur ɗin nan wani tsohon inji ne mai koren fenti, ya girmi rabin mutanen unguwar. Aikinsa ya kama ƙarfe ya yi ta juya shi, Baba kuma yana fere shi kamar mai fere rake har ya fitar da abin da ake so. Ka kawo masa karyayyen ƙarfe da safe, da la'asar ka zo ka ɗauki sabo.

Shekara talatin da huɗu yana wannan sana'a, kuma ba a taɓa dawo masa da aiki ba. Ko sau ɗaya. Wannan magana ba sai ka tambaya ba, shi da kansa zai gaya maka. Ya faɗe ta a wurin suna, ya faɗe ta a layin asibiti, har a zaman makoki an ji shi yana haɗa ta da ta'aziyya. Ba shi da bene, ba shi da mota, Makka ma bai je ba. Abin da ya tara a duniya ke nan, kuma hannu biyu ya sa ya riƙe shi.

Sirrin aikin nasa gado ne daga maigidansa, marigayi Hamadjoda, wanda ya koya masa tur da ranƙwashi. Hamadjoda ya ce masa in zai yi wa mutum ƙarfe, kada ya kuskura ya yanke masa daidai da awo, ya bar masa ɗan ƙari. Ai ko mai sayar da gero in ya cika mudu yakan ɗora hannu ɗaya a kai, awo cif-cif aikin marowata ne. Kuma dabarar tana ci, don duk injin da ke Garuwa tsoho ne. Ya yi aiki a Turai ya gaji, ya yi a Duwala ya gaji, sannan aka turo shi Arewa ya ƙarasa kwanansa. Ramukansa sun cinye sun buɗe, ƙarin Baba shi ke cike giɓin, sai ka ji ƙarfe ya zauna daram. Baƙon da bai sani ba yakan bar masa kwatan mili, wato milimita. Wanda yake ƙauna kuwa, rabin mili.

Ranar wata Talata da hantsi sai ga Madam Jocelyne ta sauko daga kilando, babur ɗin haya, riƙe da doguwar takarda a naɗe. Malama ce a wata makarantar koyon sana'a, iyayenta mutanen Yagwa ne amma a Garuwa aka haife ta, Hausarta ta kasuwa ce tsaf.

"Baba, sannu da aiki. Jam na?"

"Jam, 'yata. Me ya karye?"

"Babu abin da ya karye, Baba."

Baba ya ɗago kai ya dube ta. Tun da ya buɗe rumfar nan ba a taɓa zuwa masa hannu babu karyayyen ƙarfe ba. "To ina samfurin da zan duba?"

"Babu samfur. Ba a taɓa yin irinsa a nan ba, sabo ne."

Ta shimfiɗa takardar a kan benci, ta danne gefenta da guduma. Shekara shida tana zana wannan inji, in ji ta. Ba shi da fistin mai hawa da sauka irin na babur. Gida ne na ƙarfe, raminsa kamar kwanson gyaɗa mai ƙwaya biyu, a ciki kuma wani ƙarfe mai kusurwa uku da take kira rota yana zagayawa, ya sha mai a nan, ya matse shi a can, ya ƙone shi, ya fitar da hayaƙi. Ƙarami ne, mutum ɗaya zai ɗora shi a babur ya kai gonar albasa ya jawo ruwa daga kogi. Gidan an yanko mata shi a Duwala da injin kwamfuta. Rotan ne ya rage, shi kuma ta ce ba za ta ba kowa ba sai Baba.

"Kaurinsa mili arba'in," ta ce tana ɗora yatsa a kan lambar. "Arba'in cif, Baba. Kada ya ƙaru, kada ya ragu."

Baba ya yi murmushi. "'Yata, tun ba a haife ki ba nake jin wannan magana. Kowa haka yake cewa."

Kwana tara ya yi a kan rotan nan, da tur da magagari, ya kori masu injin niƙa har uku. Wallahi aikin ya shiga ransa. Duk rayuwarsa gawa ake kawo masa ya tayar, yau ga abin da ba a haifa ba tukuna an ce shi zai yi masa zuciya. Kullum da azahar Jocelyne takan biyo da gorar folere, wato zoɓo, mai sanyi, ta zauna a kan tsohuwar taya tana kallon hannunsa, tana tambaya kamar ba ita ce mai digiri ba. Ranar da ya zo kan kauri, ya fere, ya auna, ya fere, ya auna, har ma'auni ya nuna arba'in da rabi. Nan ya kashe tur. Yarinya mai ladabi irin wannan a yanke mata cif-cif kamar wata baƙuwa? Haba, ai da kunya.

Shi yana can yana fama da ƙarfe, gari kuwa ya riga ya ɗauka. Wani Alhaji Abakar, mai sayar da tayil da kwanon rufi, ya ji labarin injin a wurin aski. Kafin magariba ya kafa Kwamitin Tallafa wa Injin Arewa, kwamitin kuma ya zaɓe shi shugaba ba hamayya, don shi kaɗai ne ya halarci zaman. Daga ranar ba ya amsa kira sai an ce Prezidan. Ko ƙusa ɗaya bai kawo ba, amma ya sa an buga atamfa mai hoton injin, mai zanen kuma ya ga kusurwa uku ta yi kaɗan ya mai da ita huɗu. Jocelyne ta ce ƙarfin injin doki biyar ne. A zaman kwamiti na biyu ya zama goma sha biyar. Da Prezidan ya shiga gidan rediyo ya fito, hamsin ne. Kafin labarin ya kai babbar kasuwa, mata masu sayar da kifi sun tabbatar shi zai kai alhazan bana Jidda. Zama uku aka yi ana faɗa a kan suna, ko a sa masa na Fulatanci, ko na Hausa, ko na Faransanci, aka tashi baram-baram ba suna.

Sannan Prezidan ya kafa doka: ba za a tayar da inji ba sai ranar biki, a gaban manyan baƙi. Jocelyne ta ce ina, ba a yin haka, sai an gwada tukuna.

"Madam," in ji Prezidan, "ke kin san inji, ni na san manya. In suka ji an riga an tayar, wa zai zo ya ji ƙara ta biyu?"

Don kada a saɓa masa, ya kwashe murfin injin da kusoshinsa ya kai gidansa ya kulle a sif. Ya ce shi zai ɗaure ƙusar ƙarshe da hannunsa, da sifana da aka yi wa fentin ruwan zinare. Shugaban makarantar Jocelyne ya goyi bayansa, don an yi masa alkawarin kujera a layin gaba.

Ranar da Jocelyne ta zo karɓar rota, ta juya shi a hannu yana ƙyalli, idonta ya kawo ruwa. Sai ta zaro ma'auninta daga jaka. Kai! Masu zaman benci a bakin rumfar suka zuba mata ido, har mai kurɓar shayi ya tsaya da kofi a baki.

"Madam," in ji Abdelkerim mai walda, maƙwabcin Baba, "aikin Baba Zulkifilu za ki auna? A gabansa?"

Baba ya kau da kai yana goge hannu da tsumma. Jocelyne ta ji nauyi, ta mai da ma'aunin jaka, ta ce a yi haƙuri, sabo ne na makaranta. Da ta koma ta zura rotan a gidan injin, babu murfi, ta taɓa shi da yatsa ya zagaya sumul. Hankalinta ya kwanta.

Ranar biki, zafin ranar Garuwa ya fito da niyya. An kafa rumfuna a filin makaranta, an jera kujerun roba, matan kwamiti sun sha atamfa mai kusurwa huɗu. Babban baƙon bai samu zuwa ba, ya turo wakili, wakilin ma wani uzuri ya taso masa ya turo nasa wakilin, shi kuma ya iso bayan awa biyu yana danna waya. Baba Zulkifilu aka zaunar a layin gaba, da babbar rigarsa ta Sallah, yana ƙanshin turare da ɗan baƙin mai. Prezidan ya yi jawabi da Faransanci, ya maimaita da Fulatanci, ya ƙara da Hausa, a kowane harshe dawakin injin suna ƙaruwa. Jocelyne tana tsaye can gefe kusa da tebur, ba a ko ambaci sunanta ba sai a godiyar ƙarshe, bayan mai hayar kujeru.

Aka ɗora murfi. Jocelyne ta ɗaure kusoshi, Prezidan ya karɓi sifanar zinare ya ɗaure ta ƙarshe, ya tsaya a haka har masu hoto suka ƙoshi. Ya naɗe hannun riga, ya kama igiyar tayarwa, ya yi bisimilla ya fizga.

Igiya ko motsi. Hular Prezidan ce ta faɗi.

Ya sake fizga, har da ɗora ƙafa a kan tebur. Shiru. Aka kira wani ƙato mai dakon buhunan auduga, ya tofa yawu a hannu ya ja da ƙarfinsa duka, igiya ta tsinke, ya tafi da baya ya zauna a cikin kular lemo. Injin nan ko tari bai yi ba, ya tsaya cak kamar an zuba masa siminti.

Tun fizgar farko Baba Zulkifilu ya gane. Gumi ya karyo masa, ba na rana ba. Gidan injin nan sabo ne fil, bai cinye ba, bai buɗe ba, babu giɓin da ke jiran ƙarin kowa. Da aka ɗaure murfi sai ya danne rotan ya maƙure shi. Rabin milinsa ne. Shekara talatin da huɗu bai taɓa yi wa sabon abu aiki ba, sai yau ya san haka.

Prezidan ya ɗauki hularsa ya kaɗe, ya koma kan lasifika, ai irinsu ba sa rasa ta cewa. Ya ce jama'a su kwantar da hankali, wannan aikin mutanen Duwala ne, dama ba sa son Arewa ta ci gaba. Aka yi guna-gunin yarda. Sai wani daga kwamiti ya tuna masa cewa matar wakilin wakili 'yar Duwala ce. Nan take Prezidan ya juya. Ya ce ko da yake, in an duba da kyau, injin kwamfuta ba ya kuskure, abin da aka zana masa shi yake yankawa. Lissafin takarda dai, sai a hankali. Bai kira suna ba, amma duk filin ya juya ya kalli Jocelyne.

"Abu ɗaya muka tabbata," in ji Prezidan yana nuna layin gaba, "ba daga Baba Zulkifilu ba ne. Shekara talatin da huɗu ba a taɓa dawo masa da aiki ba!"

Aka ɗauki tafi. Wallahi tafin nan ya fi mari zafi. Baba yana zaune yana jin shugaban makaranta a kujerar kusa da shi yana raɗa wa mataimakinsa cewa gobe a karɓi makullin ɗakin gwaji daga hannun matar nan, ta isa haka, ta kunyata su a gaban hukuma. Ya dubi Jocelyne. Ba ta yi kuka ba. Ta buɗe takardarta tana bin lambobi da yatsa, tana neman inda ta yi kuskure a aikin shekara shida. Ko sau ɗaya ba ta kalli wajensa ba. Ko a ranta ba ta zarge shi ba, abin da ya fi ci masa rai ke nan.

In ya yi shiru, shi ke nan, magana ta mutu. Ba mai buɗe injin nan kuma, za a tura shi bayan sito ya yi tsatsa, shi kuma ya koma rumfarsa da shekarunsa talatin da huɗu ba ko ƙwarzane. Ya ce a ransa, Zulkifilu, zauna, wa ya tambaye ka? Sai ya ga ya miƙe.

Ya taka har gaban tebur, ya karɓi sifanar zinare daga hannun Prezidan ba tare da neman izini ba, ya kwance kusoshi ɗaya bayan ɗaya, ya ɗage murfi. Ga shatar rotan nan a jikin murfin, kusurwa uku, ta fito raɗau.

"'Yata, kawo ma'aunin nan naki."

"Baba..."

"Kawo. Auna shi. A gabana."

Ta auna. Ta dubi ma'aunin, ta dube shi.

"Faɗa da ƙarfi, su ji."

"Arba'in da rabi," ta ce a hankali.

Baba ya juya wajen lasifika, bai saba da ita ba, ya matsa baki har ta yi ƙara. "Arba'in ta ce mini. Sau biyu ta faɗa. Ni na ƙara rabi da hannuna, don ina ganin alheri nake yi mata. Takardarta daidai take, Duwala ma daidai suke. Aikina ne bai yi ba." Ya zaro rotan ya naɗe a gefen babbar rigarsa. "An dawo mini da shi."

Prezidan ya buɗe baki, a karo na farko tun da aka kafa kwamiti bai sami abin faɗa ba a harshe ko ɗaya. Wakilin wakili ya ɗago daga wayarsa ya tambaya ko an gama, aka ce masa saura cin abinci.

Baba bai tsaya cin abinci ba. Ya tare kilando ya hau, rota a cinya. Mai babur ya tambaya ko su bi ta bayan gari, ya ce a'a, ta cikin kasuwa, hanyar da ya saba. Labari ya riga shi isa. Masu faci, masu walda, masu sayar da kayan gyara duk sun fito bakin rumfuna suna kallo, ba mai cewa sannu. Abdelkerim ya ga ya sauko, ya sunkuyar da kai ya shige rumfarsa kamar shi aka dawo wa da aiki. Wani mai injin niƙa da Baba ya kora a makon jiya ya ɗaga murya daga tsallaken titi: "Baba, ashe ana dawowa?"

"Ana dawowa," in ji Baba, ya tuɓe babbar riga ya rataye.

Ya ɗaura rotan a tur. Kafin ya tayar, ya share ƙarƙashin injin tas, ya shimfiɗa tsohuwar jarida. Jocelyne ta iso da sauran injin a bayan wani kilandon, ta zauna a kan tayarta. Rabin mili ba wani abu ba ne, aikin minti goma ne, amma sai da ya kai la'asar. Duk sanda ma'auni ya matso arba'in sai hannunsa ya nemi tsayawa da kansa, kamar Hamadjoda na tsaye a bayansa da ranƙwashi. Ya tsaya a arba'in da kwata, ya yi tsaki, ya ci gaba. Da ya gama bai auna da nasa ba, ya miƙa mata.

"Arba'in, Baba."

"Cif?"

"Cif."

Suka haɗa injin a ƙasan rumfa, da sifana mai tsatsa da igiyar shanya da Abdelkerim ya miƙo ta saman katanga. Jocelyne ta ja sau ɗaya, ya yi tari. Ta ja na biyu, ya kama. Wata irin ƙara ce siririya mai santsi, ba irin bugun da kunnen unguwar ya saba da shi ba, har masu shayi suka taso da kofunansu. Minti goma sha ɗaya ya yi yana juyi kafin man da ke gorar ya ƙare. Doki biyar ne, ba ƙari. Jocelyne ta zauna a ƙasa, ta rufe fuska da tsumman goge hannu mai baƙin mai, ta yi kukan da ta hana kanta a filin makaranta.

Prezidan ba ya nan, amma kada ka damu da shi. Washegari an ji shi a rediyo yana bayanin yadda kwamiti ya gano matsalar.

Da Jocelyne ta tashi tafiya, an ɗaure injin a bayan babur, Baba ya ce ta dakata. Ya durƙusa ƙarƙashin tur, gwiwoyinsa suna ƙara, ya tattaro jaridar nan da ɗan garin ƙarfen da ya zubo a kai, bai fi cikin cokali biyu ba. Ya naɗe shi da kyau kamar ƙullin yaji, ya kama hannunta ya danƙa mata.

"Mene ne wannan, Baba?"

"Rabin milinki ne," ya ce. "Na riga na ba ki, ba na karɓa. Ki dai ajiye shi nesa da injin."